Telan Na'ura

Yara, wa ya taɓa raka mahaifinsa wurin tela ana gab da Salla? Idan kun lura, tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya ɗauki awo tukuna. Ya auna tsawo, ya auna kafaɗa, ya auna wuya da hannu, ya rubuta a ɗan littafinsa. Wani lokaci ma yakan tambaya, "Alhaji, ta zuwa Idi ce ko ta zuwa gona?" Gama rigar Idi daban take da taguwar noma. A kasuwa kuwa akwai riguna ɗinkakku a rataye, waɗanda aka ɗinka ba a san mai sa su ba. Sun fi araha, kuma ba sai an jira ba. Amma sau da yawa sai ka ga riga ta yi wa wannan yawa, ta matse wancan, ko kuwa yadin bai jure wa aikin mai ita ba, kafin kaka ta yage.

Yau za mu karanta labarin wani irin tela wanda ba ruwansa da allura da zare. Injiniya ne, sana'arsa kuwa ita ce tsara wa masana'antu na'urorin lantarki daidai da wurin da za su yi aiki. Domin mu gane aikinsa sosai, bari mu fara daga abin da kowane yaron ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya sani, watau auduga.

Auduga a ƙasarmu

Kudancin Jihar Katsina ƙasar noma ce. Ta fi arewacin jihar samun ruwan sama, ƙasarta kuma tana da ƙarfi. Daga Funtuwa zuwa Bakori, da Malumfashi, da Faskari, da Ƙanƙara, ana noma masara, da dawa, da waken soya, da shinkafa, da auduga.

Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suke noman auduga. Mata su ne masu gurza ta. Sukan ɗora ta a kan dutse mai sulɓi, su murza da siririn ƙarfe har angurya ta fita. Sa'an nan su shiɓe ta da baka, su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa. Aiki ne mai kyau, amma mai cin lokaci. Mace takan yini tana gurza, abin da ta samu bai taka kara ya karya ba.

A 1902 masu masaƙun Ingila suka kafa wata ƙungiya a birnin Manchesta, wadda aka fi sani da haruffan sunanta, BCGA. Nufinsu su sami auduga daga ƙasashen da Ingila take mulki a lokacin. Wannan ƙungiya ce ta gina gidajen gurza auduga da inji a Arewa, har da na Funtuwa da na Malumfashi. An kuma buɗe gonar iri a Daudawa, inda ake yawaita iri mai kyau a raba wa manoma. Hanyar jirgin ƙasa da ta tashi daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau, ta isa Ƙauran Namoda a 1929, jirgi ya riƙa kwasar dilolin auduga zuwa bakin teku. Daga baya aka fara saƙa ta a gida. Babbar masaƙa ta farko a Kaduna ta fara aiki a 1957, Funtuwa ma daga bisani ta sami tata.

Yanzu noman auduga ya ragu ƙwarai bisa ga dā, masaƙu da yawa a Kaduna da Kano sun rufe. Dalilan suna da yawa. Akwai yadi mai araha da ake shigowa da shi daga waje, akwai tsadar wuta, akwai kuma tsufan injuna. Maganar injuna ita ce ta shafi darasinmu. Masana'antar da injinta yake yawan tsayawa ba ta iya gasa da kowa. Idan kuwa ta rufe, ma'aikaci ya rasa albashi, manomi ya rasa mai saye.

Cikin gidan gurza

To, mu shiga gidan gurza mu gani. Babbar mota ta kawo auduga daga kasuwa, an auna ta a sikeli. Wani ƙaton bututu yana zuƙe ta da ƙarfin iska. Daga nan ta bi ta cikin injin da yake kakkaɓe ganye da ƙasa da tsakuwa, kāna ta faɗa injin gurza. A cikinsa akwai zarto masu zagaye kamar faifai, da yawa, jere a kan sanda ɗaya, suna juyawa da sauri tsakanin waɗansu ƙarafa masu kama da haƙarƙari. Haƙoran zarto suna fizgo audugar ta tsakanin ƙarafan, angurya kuwa ba ta iya wucewa, sai ta zube ƙasa. A ƙarshe wani inji mai ƙarfi ya danne audugar, a ɗaure ta dila dila. Asalin wannan dabara daga Amurka take, inda wani mutum mai suna Eli Whitney ya ƙera injin gurza a 1793. Idan aka gurza kilo 100, tsabar audugar da ake samu kimanin kashi ɗaya ce cikin uku, ko fiye kaɗan. Yawancin saura angurya ce, wadda ake matse mai daga cikinta, abin da ya rage a ba shanu.

A dā idon ma'aikaci da kunnensa su ne masu tsaron inji. Tsohon makaniki yakan ji kukan inji ya san akwai abin da ya kwance. Har yanzu ba a raina wannan gwaninta. Amma mutum yana gajiya, yana ƙifta ido, kuma ba ya ganin abin da yake cikin bututu. Saboda haka a gidajen gurza na zamani ake sa ƙananan na'urori su taimake shi.

Waɗannan na'urori kashi uku ne, kamar jikin mutum. Akwai masu ji, waɗanda suke a matsayin ido da kunne da fata: wannan yana jin zafin inji, wancan yana ƙirga juyawar zarto, wani yana auna laimar auduga. Akwai mai tunani, watau ƙwaƙwalwa, wadda take karɓar labari daga masu ji ta yanke shawara. Akwai kuma masu zartarwa, waɗanda suke a matsayin hannu: su rage gudu, su kaɗa ƙararrawa, ko su kashe inji.

Ga misali biyu. Masana sun gano auduga ta fi gurzuwa idan ruwan da yake jikinta kashi 6 ne zuwa 7 cikin 100. Idan ta bushe fiye da haka, silinta yana kakkaryewa ya gajarce, darajarta ta faɗi. Idan ta yi laima da yawa, sai ta cushe a bakin zarto. Na'ura ce take auna wannan ba fashi. Misali na biyu ya fi wannan nauyi. Idan ƙusa ko tsakuwa ta bugi zarto, tartsatsi yakan tashi, ku kuwa kun san tsakanin auduga da wuta. Akwai na'ura mai ganin tartsatsi a cikin bututu, wadda take sanarwa kafin mutum ya ji ƙauri. Dukiyar manoma da rayukan ma'aikata suna rataye a wuyan wannan 'yar na'ura.

Ina aka samo irin waɗannan abubuwa? A 1947 waɗansu masana uku a Amurka suka ƙirƙiro taransista, wani ɗan mitsitsin abu mai buɗe wa lantarki hanya ko ya rufe. A 1958 wani injiniya mai suna Jack Kilby ya nuna ana iya haɗa sassa da yawa a kan ɗan ɓallin abu guda. A 1968 kamfanin motoci na General Motors ya nemi a ƙera masa ƙwaƙwalwar da za ta sarrafa injunansa, wadda kuma za ta jure wa dattin masana'anta. A 1969 aka kawo masa ta farko. Jikokinta ne suke aiki yau a masana'antun duniya.

Abokan gaba shida

Wata rana na kai ziyara wata makarantar firamare, sai babban malami ya nuna mini kwamfutar da ta mutu ba ta ko shekara ba. Muka kira mai gyara ya buɗe ta. Sai ga ƙura ta lulluɓe allon ciki kamar bargo, fankarta ta cije, ga kuma zanzaro ya gina ɗakinsa a kusurwa. Kwamfutar ba ta da laifi. An yi ta ne domin ofis mai sanyi, mai rufaffiyar taga. To, idan haka ta faru a aji, ina ga gidan gurza? A can na'ura tana da abokan gaba shida.

Na fari ƙura. Ana tsinkar auduga da kaka, ana gurza ta da rani, watau daidai lokacin hunturu. Yawancin hazon da muke gani yana tasowa ne daga wani kwari a ƙasar Chadi da ake kira Bodele, inda wani tsohon tafki ya ƙafe. Ƙurarsa ta fi garin alkama laushi, ba kafar da ba ta shiga. A gidan gurza kuma ga burbushin auduga yana yawo a iska, shi ya sa ma'aikata suke rufe hanci da baki. Ƙura da burbushi su kan taru a kan na'ura su hana zafinta fita. Har wa yau busasshiyar iska tana tara wani irin lantarki. Kun taɓa tuɓe rigar leda cikin duhu da hunturu kuka ji tas tas, kuka ga ɗan haske? Wannan ɗan tartsatsi ya isa ya kashe ƙwaƙwalwar na'ura.

Na biyu zafi. A watan Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yakan kusanci digiri 40 a inuwa. A ƙarƙashin rufin kwano ya fi haka, a cikin akwatin ƙarfe kusa da inji kuwa ba a magana. Akwai wani sashe na na'ura da masu gyara suke kira kwandensa, mai ɗan ruwa a ciki. Injiniyoyi suna da ƙa'ida a kansa: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba kwanansa biyu. Mu ƙaddara zai yi shekara 8 a digiri 40. A digiri 50 shekara 4 zai yi, a digiri 60 kuwa shekara 2 kaɗai.

Na uku laima. Da damina gidan gurza yakan huta, injuna su yi sanyi. Raɓa tana sauka a cikin akwati da dare, ta haɗu da ƙurar da ta kwanta tun rani, su zama laka. Laka tana kawo tsatsa, tana kuma buɗe wa lantarki hanyar da ba tasa ba.

Na huɗu girgiza. Manyan injuna suna kaɗa ƙasa da bango dare da rana. A hankali noti ya kwance, dalmar da aka liƙa waya da ita ta tsage. Irin wannan ciwo ya fi wuyar ganewa, gama na'urar takan yi aiki yau ta ƙi gobe.

Na biyar ita wutar lantarkin kanta. Ƙarfin wutar gida a Nijeriya bolt 230 ne, ta masana'anta kuwa kimanin bolt 400. Amma ba kullum take zuwa daidai ba. Wani lokaci ta yi ƙasa, wani lokaci ta ɗauke, a koma janareta. Sa'ad da ƙaton inji zai tashi yakan ja wuta ninkin ba ninkin, sauran na'urori su ji a jikinsu. Da damina kuma idan tsawa ta faɗa kusa da waya, ƙarfinta yakan biyo wayar har cikin gida.

Na shida ƙananan halittu. Ɓera yana son ɗumin akwati, kuma yana cin robar waya. Kiyashi, da kyankyaso, da tsaka, da zanzaro, kowa yana neman mafaka. Tsaka guda idan ta gitta tsakanin waya biyu tana iya tsayar da masana'anta.

Yadda injiniya yake ɗaukar awo

Mu ƙaddara wani mai gidan gurza a ƙasarmu ya gaji. Ya sayi na'urar kanti sau uku, sau uku tana mutuwa a tsakiyar aiki, motoci sun yi layi a ƙofa, manoma suna jiran kuɗinsu. Sai ya kira injiniya.

Injiniyan kirki ba ya zama a ofis ya yi zane da ka. Yakan zo da kansa, ya kwana biyu a wurin. Ya rataya ma'aunin zafi a inda za a kafa akwati. Ya sa wani ma'auni a kan wayar wuta ya bar shi kwanaki yana rubuta hawa da saukarta. Ya shafa bango ya duba irin ƙurar da take wurin. Sa'an nan ya je wurin tsohon makaniki ya gaishe shi, ya ce, "Baba, a wane lokaci na'urar nan ta fi yi muku gardama?" Tsoho ya ce, "Injiniya, ai da an tayar da janareta sai ta rikice. Da azahar kuma idan ka taɓa akwatin sai ya ƙona ka." Wannan amsa ta fi littafi guda amfani. Duk abin da injiniya ya gani da wanda ya ji, sai ya rubuta, shi da mai gida su sa hannu. Wannan takarda ita ce awon riga.

Daga nan ya koma ya yi zane, yana ba kowane abokin gaba maganinsa.

Domin ƙura, sai ya zaɓi akwati mai roba a bakin ƙofarsa, kowace kafar waya kuma a matse ta. Akwai alama da duniya ta yarda da ita don a san ƙarfin akwati: haruffa biyu, IP, da lambobi biyu a bayansu. Lamba ta farko tana faɗin tsaro daga ƙura da abubuwa masu tauri, daga 0 zuwa 6. Ta biyu tana faɗin tsaro daga ruwa. Akwati mai IP20 yatsa ba ya shiga cikinsa, amma ƙura da ruwa suna shiga. Mai IP65 kuwa ƙura ba ta shiga ko kaɗan, kuma ko an fesa masa ruwa da mesa ba abin da zai same shi. Akwatin da ya hana ƙura ya hana ɓera da tsaka.

Amma a nan akwai wuya. Idan ka rufe akwati ruf, ƙura ba ta shiga, zafi kuma ba ya fita. Idan ka huda shi ka sa fanka, zafi ya fita, fanka ta jawo burbushin auduga. Gaba kura, baya siyaki ke nan. Yaya injiniya zai yi? Sai ya zaɓi sassa masu cin wuta kaɗan, don kada su haifi zafi da yawa. Ya manna masu zafin a jikin farantin alminiyam mai tsage tsage kamar matsefi, wanda bayansa yake waje, zafi ya bi ta ƙarfen ya fita ba tare da an yi kafa ba. Ya kafa akwatin nesa da rana da bakin inji. Ya kuma sayi sassa masu juriya. Sassan kayan gida yawanci an yi su ne su yi aiki daga digiri 0 zuwa 70, na masana'anta kuwa daga digiri 40 ƙasa da sifili har zuwa 85.

Domin laima, sai a shafe allon na'ura da wani mai wanda yake bushewa ya zama fata mai haske, ruwa ba ya ratsa ta. Domin girgiza, a ɗora akwati a kan ƙafafun roba, a manne sassa masu nauyi da gam, a yi amfani da mahaɗin waya mai kulle. Domin wuta, a sa fis, a sa wani sashe mai shanye ƙarfin da ya wuce kima ya zubar da shi ƙasa, a kuma sa ɗan batir don kada na'ura ta manta lissafinta idan an ɗauke wuta. Sai a kafa doguwar sanda mai rufin jan ƙarfe a cikin ƙasa, a haɗa ta da akwati da bututu, domin lantarkin da ba a so ya sami hanyar tafiya.

Shiru ba lafiya ba ne

Akwai wata hikima ta injiniyoyi da nake so ku riƙe. A ce manomi ya sa yaro gadin gona, ya ce masa, "Idan shanu sun shigo ka yi ihu." Manomi yana gida bai ji kome ba. Lafiya ke nan? Wataƙila lafiya, wataƙila kuma yaron ya yi barci. Amma da ya ce masa, "Ka riƙa busa sarewa a hankali kullum, idan shanu sun shigo ka busa da ƙarfi," da shiru ya zama labari. Da zarar sarewa ta ɗauke, manomi ya san akwai abin da ya faru.

Haka ake yi a masana'anta. Mai ji yana aika labarinsa ta waya da ɗan lantarki wanda ake aunawa da miliamfiya. An shirya shi daga 4 zuwa 20. Idan abin da ake aunawa ya yi ƙasa sarai, sai ya aika 4. Idan ya kai ƙarshe, ya aika 20. Me ya sa ba a fara daga 0 ba? Domin idan ɓera ya yanke waya, ƙwaƙwalwa za ta ga 0, ta san nan take waya ce ta tsinke.

Haka kuma jan maɓallin nan na tsayar da inji idan hatsari ya auku. An haɗa shi yadda lantarki yake bi ta cikinsa kullum. Idan an danna, hanya ta yanke, inji ya tsaya. Idan wayarsa ta tsinke da kanta, nan ma inji ya tsaya. Gara aiki ya tsaya a banza sau goma, da ranar da hannun mutum ya shiga zarto a danna maɓalli ya ƙi.

Gwaji

Tela yakan sa mai riga ya gwada kafin ya biya. Injiniya ma yakan ƙera na'ura ɗaya tak ta gwaji, ya ba ta wuya da gangan. Ya sa ta cikin tanda mai zafi kwana da kwanaki tana aiki. Ya ɗora ta a kan tebur mai girgiza. Ya rufe ta cikin akwati ya hura mata gari mai laushi, sa'an nan ya buɗe ya duba ko ya shiga. Ya kunna wuta ya kashe sau ɗari ɗari. Inda ta kasa, ya gyara zane ya sake. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Bayan haka ya kai ta gidan gurza ta yi aiki a gaban idonsa.

Aikinsa bai ƙare ba tukuna. Wajibi ne ya bar zanen wayoyi a rubuce, ya manna wa kowace waya lamba, ya koya wa makanikin gidan yadda zai gane ciwo ya canza sashe. Ya kuma kyautu ya zaɓi sassan da ake samu a Kano ko Kaduna. Na'urar da za ta jira wata uku kafin kayan gyaranta su iso daga ƙetaren teku, ai lokacin gurza ya wuce.

Araha da tsada

Kada ku ɗauka kowace na'ura sai an ɗinka ta. Rediyo, da wayar hannu, da fitilar gida, na kanti sun isa, gama ana yin su dubu dubai, shi ya sa suke da araha. Ko a masana'anta ma, idan akwai ta kanti mai ƙarfi wadda ta dace, injiniya mai gaskiya zai ce a saya, ya tsaya ga zaɓa mata akwati da tsaro. Ana ɗinka sabuwa ne idan wurin ya yi tsanani, ko aikin ba irin na kowa ba ne, ko kuwa injin tsoho ne wanda masu yinsa suka daina yi masa kayan gyara. Irin wannan inji sau da yawa ƙarfensa garau yake, ƙwaƙwalwa kawai yake bukata.

Na'urar da aka ɗinka ta fi tsada ranar saye. Amma mai hankali yakan haɗa da kuɗin ranakun da aiki ya tsaya, da albashin ma'aikatan da suka zauna, da audugar da ta lalace. Idan ya haɗa, sau da yawa sai ya tarar mai arahar ita ce mai tsada. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

Wa zai yi wannan aiki?

Ba gidan gurza kaɗai yake bukatar telan na'ura ba. Injin casar shinkafa, da masana'antar haɗa takin zamani, da famfon rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, da dogon ƙarfen sadarwar waya da kuke gani a bakin gari, dukansu suna fama da ƙura da zafi da tsawa irin namu. Yawancin na'urorinsu an tsara su ne a ƙasashen da ba su san hunturu ba. Zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

Wa ya fi ku sanin wannan ƙasa? Kun san watan da hazo yake sauka, kun san inda zanzaro yake gini, kun san zafin bazara a ƙarƙashin kwano. Rabin awon yana hannunku tun yanzu. Saura rabin a makaranta yake. Ku riƙe lissafi da kyau, gama duk aikin injiniya awo ne da ƙidaya. Ku riƙe kimiyya. Ku iya karatu da rubutu sosai, gama wanda bai iya rubuta abin da ya gani ba, ba ya iya tsara abin da ake so. Bayan sakandare ko kwalejin fasaha, ga Jami'ar Ahmadu Bello nan kusa a Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana koyar da injiniyan lantarki, haka ma manyan makarantun fasaha na Kaduna da Katsina. Maza da mata duk ɗaya ne a wannan aiki, hankali da haƙuri yake so.

Amma ga gargaɗi. Kada yaro ya buɗe wata na'ura, ko ya taɓa waya, ko ya kusanci akwatin wuta don son gani. Lantarki ba ya wasa, waɗansu sassan ma suna riƙe wuta bayan an kashe su. Lokacin koyo yana zuwa, a gaban malami, da kayan aikin da suka dace. Allah ya ba ku ilmi mai amfani.

Tambayoyi

1. Me tela yake yi kafin ya yanka yadi? Ta wace hanya injiniya ya yi kama da shi?
2. A wace shekara jirgin ƙasa ya isa Ƙauran Namoda? Waɗanne garuruwa ya ratsa?
3. Faɗi kashi uku na na'urorin da suke tsaron inji, da aikin kowane.
4. Lissafa abokan gaban na'ura shida, ka faɗi maganin uku daga cikinsu.
5. Idan kwandensa zai yi shekara 12 a digiri 40, shekara nawa zai yi a digiri 60?
6. Me ya sa mai ji yake fara ƙidaya daga 4?

Abin yi

Ku sami farar takarda biyu, ku shafa wa kowace ɗan man gyaɗa. Ku ajiye ɗaya a bakin taga a fili, ɗaya kuma cikin gwangwani mai murfi kusa da ita. Bayan kwana uku ku gwada su, ku rubuta abin da kuka gani. Sa'an nan ku ajiye gwangwani biyu rufaffu, ɗaya a rana, ɗaya a inuwa. Da azahar ku taɓa su, ku gaya wa malam inda ya fi kyau a kafa akwatin na'ura, da dalilinku.